Kafin Ki Tura Kuɗin Takalmin Maigida

   

A wannan watan wata tambaya ce ta tsayar da ni, daga wata baiwar Allah mazauniyar Tsafe. Ta ce ta ɗauki adashinta gab da Sallah, sai ta yi niyyar ta faranta wa maigida, tunda kullum shi ke yi mata. Ta ga hoton wani takalmi sau-ciki na fata a WhatsApp, wurin wani mai sayarwa a Kano, ya kwanta mata a rai. Ta faki idon maigidan ta juya tsohon takalminsa, ta ga an rubuta 43, ta ce a kawo 43, ta tura kuɗi. Saura kwana uku Sallah direba ya sauke mata kwali a bakin titi. Maigida ya yi murna, ya yi ta sa albarka, kuma saboda kara ya daure ya tafi idi da shi. Da ya dawo a hannu ya riƙo takalmin, ɗan ƙaramin yatsansa ya saɓule, diddige ya yi bororo. Ta kira mai kaya, ya ce mata, "Hajiya, 43 kika ce, 43 na ba ki, kuma an riga an taka shi." Tambayarta ita ce: Malama, mutumin nan bai cuce ni ba? Kuɗin nan da ya riƙe halal ne?

'Yar uwa, amsar ba za ta yi miki daɗi ba, amma gara in faɗa miki gaskiya. A yadda kika ba ni labarin, ban ga inda ya cuce ki ba. Abin da kika ambata shi ya kawo. Kuma kada ki ga kamar ina miki dariya, ni ma na taɓa faɗawa. Hula na saya wa Baba a Bungudu, ƙube mai kyau, na kimanta kansa da ido kawai na ce a ba ni 23. Da ya ɗora sai da ta rufe masa kunne. Ya yi murmushi ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa wa ƙanena. Har yau in na ga hular a kan yaron nan sai na ji wani abu a raina.

Bari mu fara da hukuncin, tunda shi kika tambaya. Wasu na ɗauka duk cinikin da ba a ga kaya ba cinikin biri a sama ne, bai halatta ba. Ba haka ba ne. Wadda ta karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, za ta tuna cewa a babin ciniki an halatta sayar da abin da ba ya wurin, matuƙar an siffanta shi. Har ma an halatta sayen dilar tufafi ba tare da an kwance ta ba, bisa takardar da aka rubuta abin da ke ciki. Kin ga ke nan fataken da suka gabace mu sun san wannan matsala tun babu waya. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan kaya suka iso daidai da yadda aka siffanta su, ciniki ya ɗauru, babu ja da baya. Idan suka saɓa, mai saye na da zaɓi, ya karɓa ko ya mayar. To abin lura a nan shi ne, duk haƙƙinki yana rataye ne a kan siffar da aka yi. Ke kuma siffar da kika bayar ita ce "43" kawai. Da kin ce kina son takalmin da tsawon cikinsa ya kai santimita kaza, ya amsa da to, sannan ya zo bai kai ba, da yanzu wata maganar muke yi.

Me ya sa 43 ba ta isa siffa ba? Saboda lambar takalmi ba awo ɗaya ba ce a duniya. Lambobin da muka saba da su, 40 zuwa 45, lissafin ƙasashen Turai ne irin su Faransa da Italiya, kuma tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu bisa uku ne na santimita, wato bai ma kai faɗin ɗan yatsanki ba. Ingila na da nata lissafin, 7, 8, 9, 10, inda tazarar ta zama kashi ɗaya bisa uku na inci. Amurka ma 8, 9, 10 take rubutawa, amma nata bai yi daidai da na Ingila ba: yawanci abin da Ingila ta kira 8 shi Amurka ke kira 9, shi ne kuma wajen 42 a namu. Ki duba harshen kambas ɗin yaronki, za ki ga lambobi uku ko huɗu a jere, dalilin ke nan. Sai kuma mutanen Sin, waɗanda kayansu suka fi yawa a kasuwanninmu. Su a tsohon lissafinsu tsawon ƙafa ake ninkawa biyu a cire goma, ƙafa mai santimita 26 ta zama 42. Wannan kan sa nasu ya ɗan fi na Turai ƙanƙanta ko da lambar ɗaya ce. Bayan duk wannan, kowane kamfani da irin itacen da yake gina takalmi a kansa. Mai yin takalmi a Ƙofar Wambai a Kano da mai yi a kasuwar Ariaria ta Aba, kowa zai buga 43 a ƙasan nasa, ki jera su ki ga ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma wani abu da ya yaudare ki, wato tsohon takalmin. Takalmin fata da aka shekara biyu ana takawa ya riga ya buɗe, ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Lambar da ke ƙasansa ta lokacin da yake sabo ce, ƙila ma a lokacin da ƙyar yake shiga.

Don haka ki ajiye batun ba-zata, ki auna ƙafar mutumin. Na san wasu mazan za su ce wannan wane irin sabon salo ne, ki lallaba shi, minti biyu ne. Ki bari sai da yamma ko bayan isha'i, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan an wuni ana zirga-zirga, kuma takalmin da ya yi daidai da safe shi ke matsewa da la'asar. Ki yago fallen takarda babba ki shimfiɗa a kan siminti, ba a kan kafet ko tabarma ba, gefenta na taɓa bango. Ya miƙe tsaye a kai, diddigensa na jingine da bangon, nauyinsa a kan ƙafar, in sau-ciki ne kuma da safar da zai riƙa sawa. Ki sa alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ki lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu mai bi masa ne. Ki auna daga bakin takarda zuwa alamar da santimita. Ki yi wa ɗaya ƙafar haka, domin da wuya ki ga ƙafafu biyu sun zo daidai cif, sai ki riƙe awon wadda ta fi girma.

Saura faɗi, kuma a ganina nan ne mazanmu suka fi shan wuya. Mutumin da ya tashi cikin silifas da takalmi buɗaɗɗe, yatsunsa sun saba da sakewa, ƙafarsa ta baje. Takalman nan masu tsinin baki da ake kira na Italiya, ba da irin wannan ƙafar aka yi tunaninsu ba. Tsawo zai yi daidai, amma gefe ya riƙa cin yatsa, irin abin da ya sami maigidan 'yar uwarmu. Ki zagaya tef a inda ƙafar ta fi faɗi, wato gindin yatsu, ki rubuta. In saman ƙafarsa mai tudu ne, ki guji wanda ake zura ƙafa kawai, ki nemi mai igiya, shi ana iya sassautawa.

Da wannan awon za ki tunkari mai sayarwa. Ki ce ya zaro shimfiɗar cikin takalmin, in tana fita, ya ɗora tef a kanta ya ɗauko miki hoto. In ba ta fita, ya zura tef ɗin ciki daga diddige zuwa baki. Cikin sau-ciki ya kamata ya ɗara ƙafa da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai tsinin baki kuma fiye da haka, tunda tsinin fanko ne, yatsa ba ya kaiwa can. Duk mai kayan da ya ce miki ba shi da lokacin wannan, to ke ma ba ki da kuɗin ba shi. Kuma kada ki yarda da zancen nan na "zai buɗe in ana sawa". Fata ta gaskiya tana ɗan buɗewa ta gefe, amma ba ta ƙara tsawo. Na leda da ake shafa wa ƙyalli kuwa ba ya buɗewa ko kaɗan, sai dai ya yi ta ɓarewa in ya sha zafin bazara da busasshen iskan hunturu. Abin takaici, ga mu a ƙasar jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin fatauci ta hamada, har yau ana jeme fatunmu a Kano a kai Italiya da Sifaniya, mu kuma muna zuba kuɗi a kan leda don an buga mata sunan waje. Wannan dai zancen wata rana ne.

Wani gargaɗi guda kafin mu bar takalmi. Idan wanda za ki saya wa yana da ciwon suga, musamman iyayenmu dattawa, matsattsen takalmi ba abin wasa ba ne. Ƙafar mai wannan ciwo takan rage jin zafi, takalmi ya ji masa rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Irin wannan gara a kai ƙafarsa kasuwar Gusau ya gwada da kansa, ko da zaɓin bai kai na waya yawa ba.

Hula ta fi sauƙi, amma ita ba ta yafiya. Da inci ake lissafinta, yawancin manya tsakanin 21 da 24 suke, kuma akwai rabi-rabi, 22 da rabi daban, 23 daban. Ki zagaya tef a kansa daidai inda yake tsayar da hula, ta tsakiyar goshi da ɗan saman kunne, kada ki ja da ƙarfi. Ki yi awon bayan ya yi aski, domin kan da za a je idi da shi ba shi ne kan da ya tara suma a ƙarshen azumi ba. Ki tambayi tsayin hular ma. Wani yana son doguwa ya karya ta, wani gajera yake so ta zauna daram, kuma a hoto duk ɗaya suke. Sannan ki tambaya ko an riga an wanke ta an ɗora a itace, saboda zanna da ƙube na hannu sukan ɗan sauya bayan wankin farko.

Jallabiya kuwa, mata da yawa ba su san ma'anar lambarta ba. In kika ga 54, 56, 58 ko 60 a jikin irin ta Saudiyya ko Dubai, tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗin jiki ba. Na san wadda ta ga maigidanta mai jiki ne ta ce a ba ta 60, alhali gajere ne, riga ta zo tana share ƙasa kuma ta kama shi a ciki. Faɗin a harafin da ke gefen lambar yake. Su kuma haruffan nan na M da L da XL kada ki dogara da su ko a kan wace riga. Abin da aka ɗinka don kasuwar Sin aka rubuta masa XL, sau tari da ƙyar yake kai L na Turai. Rigar ofis mai kwala da awon wuya ake sayenta, 15 ko 15 da rabi ko 16 a inci, kuma in aka ce miki mai kama jiki ce, ki tuna da cikin maigida na yanzu, ba na lokacin angwanci ba.

Wannan ya kawo mu kan kaftani da wando, ko ɗinkakku za ki saya ko awo za ki tura wa tela a Kano ko Kaduna. Lokacin da muke Kwalejin Ilimi ta mata a nan Gusau, abin da na riƙe daga ƙawayena masu karatun tattalin gida shi ne, auna rigar da ta zauna wa mutum ya fi auna jikinsa sauƙi ga wadda ba tela ba. Ki ɗauko kaftanin da ya fi so, wanda kullum shi yake cewa a goge masa. Ki shimfiɗa shi a gado ki miƙar. Ki auna tsawo daga gefen wuya zuwa ƙasa, kafaɗa daga ɗinki zuwa ɗinki ta baya, hannu daga ɗinkin kafaɗa zuwa bakinsa, sai faɗi daga hammata zuwa hammata, da kuma daidai ciki. Wuya ki buɗe shi ki auna daga maɓalli zuwa ƙofarsa. A wando ki ɗauki tsawo, da cinya, da faɗin ƙafa. Sai ki faɗa wa telan a fili cewa awon riga ne a shimfiɗe, ba awon jiki ba. In ba ki faɗa ba zai ƙara nasa sakin a kai, riga ta zo kamar buhu, ko kuma ya ɗauki faɗin gefe ɗaya a matsayin zagaye. In maigidanki yana tsayar da wandonsa sama da idon sawu, shi ma ki rubuta, domin telan da bai san shi ba zai yanka yadda ya saba. Wasu sukan aiki yaro wurin telan maigida ya kwafo awo daga littafinsa. Dabara ce mai kyau, amma ki tambayi yaushe aka yi awon. Na shekara huɗu ba na wannan mutumin ba ne.

Shi kansa tef ɗin ki bincike shi. Fuska ɗaya inci ce, ɗaya santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Akwai wasu tef da ke shigowa daga Sin waɗanda fuskar da kike zaton inci ce ba inci ba ce, wani awo ne nasu da kowane ɗaya ya kai santimita 3.3. In kika yi awo da irinsa duk lissafi ya rushe. Gane shi ba wuya: ki kama lamba 10 a fuskar inci ki juya, in kin ga wajen 25 da rabi, lafiya. In kin ga 33, ki ba yara su yi wasa da shi. Kuma a kowane awo ki rubuta inci ne ko santimita, kada ki tura lamba tsirara.

Idan shadda ce ko yadi za ki saya ba ɗinkakke ba, ki tambaya yadi ake aunawa ko mita. Yadi inci 36 ne, bai kai mita ba, yadi goma mita tara ne da 'yan kai. Yadi biyar kan ishi matsakaicin mutum kaftani da wando, babbar riga da 'yar ciki da wando kuma akan sayi goma, amma dogo ko mai jiki ki fara tambayar telansa. Shadda mai tsada irin Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, ita aka fi yi wa jabu, don haka ki nemi bidiyo a hasken rana, a nuna miki gefen da tambarin yake da kuma bayanta. Launi a ƙarƙashin fitilar shago ƙarya yake yi, ruwan toka ya koma shuɗi.

To duk kin yi wannan, saura sharaɗi, kuma kafin kuɗi su fita ake yinsa. Ki rubuta masa a rubuce, ba a saƙon murya ba: kaya kaza, launi kaza, awo kaza, in ya saɓa zan mayar, kuma wa zai biya kuɗin mota. Ya amsa a rubuce, ki adana tare da hotunan da ya turo da shaidar biyan kuɗi. Wannan tambaya ta kuɗin mota ba ƙarama ba ce a gare mu. Matar da ke Kano in takalmi ya matse, adaidaita za ta hau ta koma kasuwa. Mu kuwa kwali sai ya bi ta Funtuwa da Tsafe kafin ya iso Gusau, ta Bungudu ma sai an ƙara wata motar, ga halin da hanya take ciki, direbobi ba sa son yamma ta yi musu. Zuwa da komawa da sake zuwa, kuɗin mota kaɗai ya kusa sayen wani takalmin, Sallah kuma ta wuce. Saboda haka ki yi odarki tun farkon azumi, ba a goman ƙarshe ba. Manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga, da suka fara aiki a 2012, suna da nasu ƙa'idojin mayar da kaya a rubuce, ki karanta kwana nawa suka bayar kafin ki danna. Dokar ƙasa ma ba ta bar ki ba: dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka aiko masa suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Kin ga ita ma a kan siffar ta tsaya, kamar yadda malamanmu suka tsaya.

In kaya sun iso, kada ki cire takardar jiki, kada ki yar da kwali. Ya gwada takalmin a ɗaka, a kan kafet, ƙafa biyu, da yamma, ya ɗan zagaya, ya durƙusa kamar zai ɗaure igiya. In ya ji yana cizonsa ko kaɗan, ki roƙe shi ya faɗa miki gaskiya a lokacin, kada kara ta sa ya fita da shi waje, domin da zarar ƙasan ya taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Ke kuma 'yar uwata ta Tsafe, takalmin nan kada ki bar shi a ƙarƙashin gado yana ɓata miki rai. In fata ce ta gaskiya kuma gefe ne kawai yake matsewa, ki kai wa mai gyaran takalmi ya sa masa itace ya kwana biyu, sau da yawa yakan saki. In tsawo ne bai kai ba, babu dabara, ki nemi mai ƙaramar ƙafa cikin dangi ki sayar masa da ragi, ki gaya masa an taka shi sau ɗaya zuwa idi. Ki gaida maigida da ƙafa.